Sikila ta ci ƙugun 'yata, a yi mata aikin canji ko mu jira?

"Assalamu alaikum Likita. 'Yata ce mai sikila, SS, shekararta 23, tana aji uku a jami'a. Ta fi shekara biyu tana fama da ciwon ƙugu na dama, da mun ɗauka tashin ciwon ne irin wanda muka saba, yanzu har ɗingishi take, ƙafar ma ta ɗan gajarce. An yi hoto, likita yace kan ƙashin cinyar ya mutu har ya lotsa, wai sai an cire an sa na ƙarfe. Mahaifinta yace tayi ƙanƙanta, ƙarfe baya daɗewa. Wata ƙawata tace a Indiya ana yin allurar ɓargo ƙashin ya farfaɗo ba sai an yanka ba, wasu kuma sunce yanzu na'ura ce ma take yin aikin. Ga maganar aurenta an fara. Don Allah meye gaskiya, kuma in an yi zata iya sallah da haihuwa kamar kowa?"

Wa alaikumus salam Hajiya. Sannunku da jinya, Allah ya bata lafiya ya sa kaffara ne. Ni aikina kenan, fiɗar ƙashi da gaɓoɓi, kuma da wuya ranar kilinik ta wuce ban ga matashi mai sikila da irin wannan matsalar ba. In na fahimce ki abu uku kike son sani: ko akwai yadda za a ceto ƙashinta na asali, in kuma babu to ina ƙarfen zai kai ta tunda yarinya ce, sannan wace irin rayuwa zata yi bayan aikin. Ban duba ta ba, ban ga hoton ba, saboda haka duk abinda zan faɗa a kan bayaninki na ɗora shi, likitan da ya murza ƙafar da hannunsa shi ke da magana ta ƙarshe. Amma abinda kika ce ya gani, cewa kan ƙashin ya riga ya lotsa, shi ne ya raba gardama. Kafin ya lotsa maganin daban ne, bayan ya lotsa ma daban ne, kuma yawancin ruɗanin da kike ji daga bakin mutane ya samo asali ne daga cakuɗa waɗannan biyun.

Me ya sa ƙugu?

Kan ƙashin cinya mulmulalle ne, yana zaune cikin wani ƙoƙo a jikin ƙashin ƙugu, dukkansu an lulluɓe su da guringuntsi mai santsi don su riƙa juyawa ba gogayya. Raunin wannan wurin shi ne hanyar jininsa kusan ɗaya ce, wasu 'yan ƙananan jijiyoyi ne suke hawa ta bayan wuyan ƙashin, in suka toshe babu wata hanya ta kusa da zata kawo ɗauki. Mai sikila kuma kin san jajayen ƙwayoyin jininsa lanƙwashewa suke su sandare su cunkushe a ƙananan jijiyoyi, to in hakan ya yi ta faruwa a nan, sai wani yanki na ƙashin ya rasa abinci ya mutu. Mataccen ƙashi baya karyewa nan take. Kamar rufin soro ne da gara ta ci azararsa, daga waje yaɓe lafiya lau, ana hawa ana shanya, sai wata rana ya rufta. Watanni masu yawa hoton eksire zai iya fitowa babu komai alhali ɓarnar tana ciki, hoton MRI, wato na na'ura mai aiki da maganaɗisu, shi ne ya fi gani a wannan lokacin. Daga baya sai wani siririn layi mai siffar jinjirin wata ya bayyana a ƙarƙashin guringuntsin, alamar ƙashin ya tsage kenan, sai saman ya lotsa, sai ƙafa ta gajarce, sai shi ma ƙoƙon ya fara cinyewa saboda abinda yake juyawa a cikinsa ya daina zama mulmulalle.

Ba ita kaɗai bace. A wani babban bincike da aka buga a Amurka a 1991, an duba masu sikila 2,590 da eksire kawai, aka samu kusan ɗaya cikin goma da wannan mutuwar ƙashin, kuma fiye da rabinsu ƙugu biyun ne ya taɓu. Wannan na biyun nake so ki riƙe da kyau Hajiya. Ki nemi a yi mata MRI na ƙugun hagu ko da bata taɓa cewa yana ciwo ba, don in akwai ƙashin da har yanzu za a iya ceta a jikinta to shi ne. In kafaɗa tana damunta ita ma a duba, cutar tana kama kan ƙashin damtse ta wannan hanyar. Masu SC ma suna samu, sai dai su yakan zo musu a makare.

Sannan don sauran iyaye masu karantawa, yadda ake bambance shi da tashin ciwo na yau da kullum: wannan a matse-matsi yake zama, yakan sauka gaban cinya har gwiwa, wasu ma da gwiwar suke zuwa a yi ta hoton gwiwa ba a ga komai ba, tafiya tana tayar da shi, yanke farcen ƙafa ko tanƙwashe ƙafa a tabarma ya zama aiki, kuma ko tashin ciwon ya lafa shi yana nan. Ba karaya bace ba targaɗe bane, babu abinda mai ɗori zai gyara a nan, tsaga kuma ƙofa ce kawai take buɗe wa ƙwayoyin cuta. Kuma don Allah a nisantar da 'yan mata daga ƙwayoyin ƙiba irin su sha-ka-fashe, da yawansu akwai sinadarin sitiroyid a ciki, shi kaɗai ma yana kashe kan ƙashin cinyar wanda bashi da sikila balle mai ita.

Maganar allurar ɓargo

Ƙawarki bata yi ƙarya ba, akwai abin, sai dai ba na kowane mataki bane. Asalinsa wani aiki ne da likitocin Faransa biyu, Ficat da Arlet, suka fito da shi a shekarun 1960, a huda ƙashi daga gefen cinya har zuwa inda ya mutu don a rage matsin da ya taru a ciki, a kuma buɗe wa sabbin jijiyoyi hanya. Daga baya wani likita a asibitin Henri Mondor da ke gefen Paris, Philippe Hernigou, wanda ya daɗe yana aiki da masu sikila, ya ƙara wani abu a kai: a zuƙo ɓargon mutum daga ƙashin ƙugunsa, a tace shi a na'ura ya yi kauri, a ɗura shi ta wannan hujin. Ya buga sakamakonsa a 2002, kuma likitoci a Bahia ta ƙasar Brazil, inda su ma suke da masu sikila da yawa, sun gwada sun samu sakamako mai ƙarfafa gwiwa. Amma shi kansa Hernigou abinda ya nuna shi ne waɗanda aka yi wa kafin ƙashin ya lotsa su ne suka amfana, waɗanda nasu ya riga ya lotsa da yawansu sun ƙare da canjin ƙugu. Dalilin a fili yake, ɓargo zai iya taimakawa ƙashi ya ginu amma ba zai tayar da saman da ya riga ya faɗa ya mayar da shi mulmulalle ba.

Ko a matakin farkon ma ba wai an gama magana bane. An yi wani gwaji a Amurka da aka buga a 2006, aka raba masu sikila gida biyu, wasu aka huda musu ƙashin aka haɗa da gashi, wasu gashi kawai a wajen likitocin fisiyo, bayan kamar shekara uku ba a ga wani bambanci na a zo a gani ba, duk da cewa mutanen da aka gwada basu da yawa kuma babu ɓargo a wannan gwajin. Ni dai a aikina, matashin da MRI ya nuna yankin da ya mutu babba ne kuma yana daidai inda nauyi ke sauka, saman kuma bai lotsa ba, ina bashi shawarar hudawar, ina kuma gaya masa a fili cewa lokaci muke ƙoƙarin saya masa, zai iya yi zai iya ƙin yi. Wanda nasa ya lotsa kuwa bana karɓar kuɗinsa a kan wannan, kuma duk wanda ya ce miki zai farfaɗo da lotsattsen ƙugu da allura ki tambaye shi ya nuna miki hoton kafin da na bayan shekara biyu na waɗanda ya yi wa.

Kar kuma a haɗa wannan da dashen ɓargo, wanda shi maganin sikilar ce gaba ɗaya, wanda aka fara yi a Najeriya a asibitin koyarwa na Benin a 2011, ko sabon maganin gyaran ƙwayar halitta mai suna Casgevy da Ingila ta amince da shi a ƙarshen 2023, wanda kuɗinsa a Amurka ya kai dala miliyan 2.2. Waɗannan jini suke gyarawa. Ƙashin da ya mutu ya lotsa yana nan yadda yake ko an yi su.

Ƙarfen da Alhaji yake tsoro

Mahaifinta yana da hujja, sai dai hujjar ta kwana biyu. Canjin ƙugu irin na zamani wani likitan Ingila ne ya kafa shi, John Charnley, a asibitin Wrightington. Da farko da robar Teflon ya yi ƙoƙon, cikin 'yan shekaru ta cinye a jikin ɗaruruwan mutane sai da ya sake musu aiki, a 1962 ya koma wata roba mai tauri da ake kira foliyetilin, ya haɗa da ƙaramin kan ƙarfe da simintin ƙashi, daga nan ne aikin ya zauna da gindinsa. To amma ita ma wannan robar tana gogewa a hankali, kuma ba gogewar ce matsalar ba, garin da take zubarwa ne. Jiki yana ɗaukar garin a matsayin baƙo, a ƙoƙarin yaƙarsa sai ya narkar da ƙashin da ke riƙe da ƙarfen, sai ƙarfen ya fara girgiɗi. Tsoho mai shekara 70 da tafiyarsa daga gida zuwa masallaci ce ba zai cinye robar ba, matashi kuwa zai cinye ta, shi ya sa likitocin da suka koyar da mu suke cewa a jira. A masu sikila ma abin ya fi muni a wancan zamanin, ƙarfe yana saurin kwancewa, ƙwayoyin cuta suna yawan shiga.

Abinda ya canza lissafin, a ganina ya fi duk wata na'ura da ake talla, shi ne gyaran da aka yi wa robar a ƙarshen shekarun 1990. Ana haska ta da wani irin haske mai ƙarfi ne sai zarurrukanta su sarƙe da juna, gogewarta ta ragu ƙwarai, yanzu an fi shekara ashirin ana bin waɗanda aka sa wa kuma narkewar ƙashin nan ta yi ƙaranci sosai. Aka kuma inganta kan tangaran, wanda Pierre Boutin ya fara sawa a Faransa a 1970, da yana fashewa, na yanzu da wuya ya fashe kuma ya fi ƙarfe santsi. Sai na uku, ƙarfen titaniyom mai kaushin jiki wanda ba a sa masa siminti, ƙashin mutum ne yake tsirowa ya shiga ramukansa ya riƙe shi. Ga yarinya irin taki abinda yawancinmu za mu zaɓa kenan: marar siminti, kan tangaran, ƙoƙo mai sabuwar roba ko shi ma tangaran. Akwai ƙwararrun da suka samu sakamako mai kyau da siminti a masu sikila, don haka in likitanta ya ga ƙashin nata siminti yake buƙata ba laifi ya yi ba.

Shekara nawa zai yi? A 2019 masu bincike daga Bristol suka tattara bayanan rajistar ƙasashe suka buga a mujallar Lancet, suka samu kusan 58 cikin 100 na ƙugun da aka canza suna nan suna aiki bayan shekara 25. Wannan adadin yana da fuska biyu. Yawancin mutanen tsofaffi ne marasa sikila, wannan ya sa adadin ya yi wa 'yarki kyau fiye da kima, amma kuma kayan da aka sa musu tsohon yayi ne, na yanzu sun fi su. Gaskiyar da nake gaya wa duk mai shekara ashirin da wani abu ita ce ta sa a ranta cewa in Allah ya yi tsawon rai mai yiwuwa a sake mata aiki sau ɗaya, kuma aiki na biyu ya fi na farko wahala da tsada. Ban taɓa ɓoye wa kowa wannan ba.

Amma jiran ma ba kyauta bane, kuma wannan ne ake mantawa. Ina ganin waɗanda aka ce su jira suka jira, suka dawo cinya ta tsotse, ƙugu ya sandare a lanƙwashe, baya ya karkace, gwiwa ta fara ciwo, ƙoƙon ya cinye har sai an yi masa ciko kafin a samu inda za a kafa sabon. Wasu karatu ya tsaya. Wasu ƙodarsu ta taɓu saboda shan diclofenac kullum, wasu kuma, kuma wannan yana ci min rai wallahi, sun faɗa allurar fenta, wato pentazocine mai kashe ciwo, suna yi wa kansu har naman cinya da ɗuwawu ya zama tabo mai tauri da maruru, wanda hakan kan sa aikin ma ya gagara sai an yi doguwar jinya tukunna. Saboda haka ma'aunin ba shekaru bane. In ciwon yana tashinta daga barci, in bata iya zuwa aji sai da magani kullum, in ta fara janyewa daga mutane, lokaci ya yi. In kuwa har yanzu tana jurewa da farasitamol da sanda, sandar a hannun hagu tunda dama ce ke ciwo, tana zuwa gashi, babu laifi a ɗan saurara ana hoto lokaci lokaci.

Abu biyu ki kiyaye a wajen zaɓen kaya. Na farko kar a sa mata wanda kai da ƙoƙon duk ƙarfe ne suna gogar juna. An yi yayinsa a shekarun 2000 ana cewa shi ne na matasa, sai ga shi yana zubar da garin kobalt da kuromiyom a jiki, har kamfanin DePuy ya janye samfurinsa na ASR a watan Agustan 2010 bayan an sa kusan 93,000 a duniya. Wannan kaɗai ya isa ya nuna miki sabo ba lallai ya fi ba, wanda aka daɗe ana bin sawunsa shi ake so. Na biyu kar a ce don sauƙin kuɗi a canza kan kawai a bar ƙoƙon, irin wanda ake yi wa tsofaffin da suka karye a wuyan ƙashi. Ƙoƙon mai sikila yana da laushi, kan ƙarfen zai yi ta cinsa yana nutsewa, bayan 'yan shekaru a dawo gidan jiya an kuma yi asarar ƙashi.

Inda haɗarin yake na gaskiya

Mutane hankalinsu yana kan ƙarfe, ni kuwa in zan yi wa mai sikila aiki abinda ke hana ni barci jininta ne da ƙirjinta. Sanyin ɗakin tiyata, azumin kafin aiki, zubar jini, zafin ciwo da ke hana jan numfashi sosai, duk abubuwan da ke tayar da sikila ne sun haɗu rana ɗaya. Mafi hatsari shi ne ciwon ya tashi a huhu, yakan zo kwana biyu ko uku bayan aiki, da zazzaɓi da ciwon ƙirji da haki. Shi ya sa wannan ba aikin likitan ƙashi shi kaɗai bane. Dole likitan jini ya ganta makonni kafin ranar, shi zai yanke ko ƙarin jini za a yi ko canjin jini, wato a riƙa zuƙe nata ana mayar mata da na mai lafiya. Wani babban gwaji na 1995 ya nuna ɗaga ƙarfin jinin, wato himoglobin, zuwa kamar giram 10 yana kare mutum daidai da canjin jini mai yawa kuma matsalolin ƙarin jini sun fi ƙaranci, wani kuma na 2013 sai da aka tsayar da shi kafin lokaci saboda waɗanda ba a ƙara wa jini ba sun fi shiga matsalar huhu. Duk da haka wadda ta taɓa samun ciwon huhun nan ko shanyewar ɓarin jiki, likitan jini zai iya cewa canjin ya fi mata.

Ku gaya masa duk ƙarin jinin da aka taɓa yi mata da ko ta taɓa samun matsala bayansa, don wanda aka sha ƙara wa jini jikinsa yakan ƙi wani jinin ko da rukuninsu ɗaya. Kuma jinin da za a tanada na masu AA ake so, kinga 'yan gida da yawa AS ne, ke da mahaifinta ma aƙalla kuna ɗauke da S ɗin, don haka a fara neman masu bayarwa da wuri.

Sai ƙwayoyin cuta. Ƙarfe bashi da jini, in ƙwayar cuta ta zauna a kansa magani baya isa gare ta da kyau, sau da yawa sai an cire shi. Mai sikila kuma garkuwarta tana da rauni, ga tsohon ciwon ƙashi irin na ƙwayar cutar salmonela da kan kwanta shekaru a cikin ɓargo. Don haka kafin aiki a warkar da gyambon ƙafa in akwai, a je wajen likitan haƙori, a gwada fitsari, a duba maleriya, a yi gwajin jini na alamun kumburi, lokacin aikin kuma mukan ɗebi nama da ɓargo mu aika ɗakin gwaji a gani ko akwai wata ƙwayar cuta a ɓoye. Shi kansa ƙashin cinyar mai sikila wani wuri tauri kamar me, ramin cikinsa ya toshe, wani wuri kuma laushi, wanda bai saba ba zai iya fasa shi ko ya ɓulla ta gefe, shi ya sa mukan shiga a hankali da siririyar waya muna kallo a na'urar hoto, mu kuma tanadi ƙananan sayis tun kafin ranar. Bayan aiki a ɗumama ta, ruwa isasshe, oksijin, maganin ciwo mai ƙarfi a kan lokaci, maganin hana daskarewar jini, tana hura 'yar na'urar numfashi ko ma balam-balam duk awa, washegari a tayar da ita tsaye.

Indiya, na'ura, ko gida

Na'urar da ake magana, irin su Mako, ba ita take aikin ba. Likita ne ke riƙe da ita, ita tana taimaka masa ya kafa ƙoƙon daidai inda aka tsara a kwamfuta. Tana ƙara daidaito a hoto, amma har yanzu ba a nuna ƙugun da aka yi da ita ya fi daɗewa ba, kuma bata san komai a kan huhun mai sikila ba. Indiya akwai ƙwararru na gaske, ban hana ba. Damuwata abinda ke biyo baya ne: doguwar tafiyar jirgi ga mai sikila da sabon aiki, sannan in ciwo ya fara ruwa bayan wata biyu wa zai duba? Ina karɓar waɗanda suka dawo daga waje babu ko takardar da ta faɗi wane kamfani ne ya yi ƙarfen ko sayis nawa ne, in aka zo gyara sai an sha wahala. Ana yin wannan aikin a gida, a Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano wanda yake nan tun 1959, da Igbobi a Legas, da na Inugu, da asibitocin koyarwa da dama. Duk inda kuka zaɓa tambayoyin ɗaya ne: likitan yana yawan yi wa masu sikila? akwai likitan jini da zai tsaya a kai? akwai ɗakin kulawa ta musamman da bankin jini a cikin asibitin? wane kaya za a sa? Ku karɓi lissafin kuɗi a rubuce har da jini da magani da gashi, don farashin kayan dala yake bi, kuma bayan aiki ku karɓi sitikun da ke jikin kwalin kayan ku adana tare da takardun haihuwarta.

Sallah, aure da haihuwa

Makonni shida zuwa wata uku na farko a kujera zata yi sallah, kuma kar ta ji komai a ranta, Annabi (SAW) ya ce wa Imrana ɗan Husaini ya yi a tsaye, in bai iya ba a zaune. Dalilin shi ne kafin naman da aka ɗinke ya warke, lanƙwasa ƙugu sosai tare da murɗa ƙafa ciki zai iya sa kan ya goce daga ƙoƙon. Bayan nan da yawa daga cikin waɗanda na yi wa suna ruku'u da sujada lafiya, zaman tahiya ne wasu suke ɗan sauyawa. Ki gaya wa likitan tun kafin aiki cewa tana son komawa sallah a ƙasa, don hakan yana shafar girman kan da zai zaɓa da ta inda zai shiga, akwai ma wani ƙoƙo mai juyi biyu da Gilles Bousquet ya ƙirƙiro a Faransa a shekarun 1970 wanda gocewarsa ke da wuya, duk da ba kowa ke son sa wa ƙananan yara shi ba. Masai na tsugunno kuwa gara a haƙura da shi, a sa mata na zama ko kujerar bayi, wannan gyaran a yi shi a gidanku da gidan da zata tare.

Haihuwa ƙarfen baya hanawa, baya taɓa mahaifa, kuma mata da yawa masu shi suna haihuwa da kansu, in an yi musu tiyata ma yawanci wani dalilin ne daban. Sandararren ƙugun da baya buɗuwa shi ya fi kawo cikas a zaman aure da naƙuda. Ni nakan ce a ba aikin kamar shekara kafin ciki don ƙashi ya gama kama ƙarfen jiki kuma ya murmure. Abinda zai buƙaci kulawa a cikin sikilar ce kanta, awo a babban asibiti, kuma in tana shan maganin sikilar nan haidiroksiyuriya ta tattauna da likitan jini kafin ta nemi ciki. Na san kun san maganar gwajin jinin mijin, AA ake nema.

In da hali a yi aikin kafin biki, a dogon hutun makaranta, ta samu kamar wata uku tana gida a hannunki, da sandunan hammata a makonnin farko. A wannan lokacin zazzaɓi, ciwon ƙirji, haki, kumburin ƙwauri ko ruwa daga ɗinki, ko ƙarfe nawa ne a koma asibiti, ba kemis ba. Bayan ta warke hoto lokaci lokaci ko bata jin komai, don girgiɗin ƙarfe a hoto yake fara nunawa kafin ya yi ciwo. Kuma ranar da za ku koma ganin likita, ki ɗan fita ki bar ta da shi da nas na 'yan mintuna, akwai tambayoyin zaman aure da take da su waɗanda kunya ba zata bar ta ta yi a gabanki ba, kuma amsarsu tana cikin abinda zai sa ta yanke shawara.